Yadda Ake Zaɓa wa 'Yan Firamare Littattafan Karatu a Ƙauye

Wanda zai je kasuwar Wudil ranar Juma'a sayo wa yaro takalmi yakan karyi kara ya auna tafin ƙafarsa tukuna, ya jefa a aljihu. Ba ya tsayawa gaban mai kaya ya ce a ba shi na ɗan aji huɗu. Amma in aka zo batun littafi sai a manta da karan. A ce yaro yana aji huɗu, a sayo masa Magana Jari Ce, ya buɗe shafin farko ya ga baƙi ya cika takarda kamar tururuwa, ya rufe ya ajiye, sai kuma a ce yaron ba ya son karatu. A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa aji ba ya nuna inda yaro ya kai. A tabarma ɗaya za ka sami wanda ke karanta wa mahaifinsa saƙon waya, kusa da shi ga wanda har yanzu bai raba b da d ba.

A auna yaron tukuna

Awon ba ya wuce minti biyar, kuma duk wanda ya iya karatun Hausa zai iya yin sa, ko yayan yaron ne da ke sakandare. A sami kwali, ko bayan kwalin taliya ne, da maka baƙa, a raba shi gida huɗu.

Gida na farko baƙaƙe goma, a warwatse, ba bisa jerin abacada ba: a, m, k, i, ɗ, s, u, ƙ, t, ɓ. Na biyu kalmomi goma da yaro ke ji kullum, daga masu sauƙi zuwa masu ɗan nauyi: gida, rago, tuwo, ruwa, ƙafa, ɗaki, shanu, tsaba, kwando, gyaɗa. Na uku gajeren zance na jimla huɗu, misali: "Ladi tana da akuya. Akuyar fara ce. Tana cin ciyawa a bayan gida. Jiya ta haifi 'ya'ya biyu." Gida na huɗu kuwa labari ne mai layi takwas zuwa goma, wanda yaron bai taɓa ji ba. Ku ƙago shi da kanku.

A fara masa daga gida na uku. In ya karanta da tuntuɓe biyu ko ƙasa da haka, a wuce da shi na huɗu, sannan a yi masa tambaya biyu a kan abin da ya karanta. In ya cije, a sauko na biyu, in nan ma bai kawo takwas cikin goma ba, a sauko na farko. Inda ya tsaya da ƙafarsa, nan ne matakinsa: mai baƙaƙe, mai kalmomi, mai jimla ko mai labari. A rubuta sunansa da matakin da kwanan wata, a sake awon a farkon kowane zango, wato sau uku a shekara.

Kada a yi awon a gaban tsaransa, kada a ga bulala a kusa, kada kuma mai awon ya riƙa jefa masa kalma in ya tsaya. A ce masa kawai, "Karanta min wanda ka iya, wanda ba ka iya ba ka tsallake." Yaron da ya tsorata yakan sauka mataki guda ƙasa da inda yake.

Abu biyu ke ruɗin mai awo. Na farko hadda. Yaranmu sun ƙware a hadda, makarantar allo ta horar da kunnensu, shi ya sa yaro zai rera maka shafi guda na littafin ajinsu idonsa na kan bango. Maganinsa a rufe hoton da tafin hannu, a nuna kalma daga ƙarshen layi a dawo baya. In ya yi shiru, hadda ce. Na biyu sunan baƙaƙen Turanci. Yaron da aka fara masa da waƙar "e, bi, si, di" yakan ga "ci" ya ce "si", ya ga "ido" ya fara da "ai", don haka aka gaya masa sunan baƙin. Wannan ba daƙiƙi ba ne, an ba shi makullin wani ɗaki ne aka ce ya buɗe wannan. Sai an koma da shi kan sautin Hausa, a, e, i, o, u, kafin kowane littafi ya yi masa amfani.

Mai baƙaƙe da mai kalmomi

Waɗannan matakai biyu su ne babbaƙu da farfaru na karatun boko. Kamar yadda alaramma ba ya ɗora ɗan babbaƙu a kan izu, haka ba a miƙa wa wannan yaro littafin labari a ce ya je ya karanta.

Abin da ya dace da shi littafi ne mai rubutu manya-manya, wanda ke haɗa baƙi da wasali a fili, ba, be, bi, bo, bu, sannan ya gina kalma da gaɓoɓin da aka riga aka koya. Tsohon littafin nan Ka Koyi Karatu, wanda kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ke bugawa, an gina shi ne don wannan aiki, kuma iyaye da yawa da shi suka buɗe ido. Yana da ƙanne biyu da ke biye da shi, Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu, a bi su a jere. Akwai kuma littattafan koyon karatun Hausa na aji ɗaya zuwa uku da aka raba wa makarantun gwamnati, irin su Mu Karanta, wanda aka fara da shi a Bauchi da Sakkwato. Kafin a kashe ko sisi, kwamitin al'umma mai kula da makarantar, wato SBMC, ya tambayi hedimasta abin da ke cikin kabad. Sau da yawa akwai littattafai a ɗaure cikin ledarsu, an kulle don tsoron kada a zo bincike a tarar sun yage. Littafin da ya yage a hannun yara ya fi wanda gara ta ci a kulle.

Ga yadda shafin da ya dace da mai kalmomi yake: jimla ɗaya ko biyu, kalma uku zuwa shida a kowace jimla, hoto a sama, rubutu a ƙasa a kan farar takarda, ba a kan hoton ba. Tsayin baƙi ya kai kamar ƙwayar wake. Kalmomin su zama masu gaɓa biyu, irin su kaza, gero, rana, kuma su riƙa maimaituwa daga shafi zuwa shafi. Baƙaƙe masu goyo, wato sh, ts, ky, gy, kw, gw, ƙw da ƙy, su shigo a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Littafin da ya jefo "ƙyanƙyasa" a shafi na biyu bai san yara ba.

Wannan yaro yana kuma bukatar littattafan da za a karanta masa, ba shi zai karanta ba. Kunnensa ya riga idonsa nisa ƙwarai: ɗan shekara shida da bai iya haɗa "ba" da "ba" ba yana fahimtar tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi tsaf, har ya gyara maka in ka yi kuskure. A riƙa karanta masa irin waɗannan da babbar murya, yana ganin yatsa na bin layi daga hagu zuwa dama. Bin yatsan na da dalili, domin ɗan allo ya saba farawa daga dama, kuma wasu kan juya kalma su karanta ta baibai a watannin farko. Yana wucewa da kansa in ana nuna masa.

Mai jimla

Nan ne aka fi asarar yara, don nan ne littattafai suka fi ƙaranci. Yaro ya iya haɗa kalma, yana karatu yana ƙirga gaɓa, amma kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Abin da zai fitar da shi yawan karatu ne mai sauƙi. Littattafai ƙanana ashirin da zai gama kowanne a zama ɗaya sun fi masa babba guda ɗaya da zai yi wata uku yana fama.

Tatsuniya ce abincin wannan mataki. Yaron ya san hanyarta, ya san in an ce "Ga ta nan, ga ta nanku" me ke biye, ya san halin Kura da wayon Gizo, saboda haka rabin aikin fahimta an riga an yi masa, ƙarfinsa sai ya tafi kan baƙaƙe. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara su a jerin Tatsuniyoyi da Wasanni, littafi na ɗaya zuwa na shida, kuma a ganinmu duk akwatin littattafan ƙauye da babu su bai cika ba. Waƙoƙin da ke cikin tatsuniya a bar yaro ya rera su, kada a ce ya karanta su kamar sanarwa.

Kacici-kacici da karin magana ma suna aiki sosai a nan saboda gajarta. A rubuta kacici-kacici ɗaya a gaban ɗan kwali, amsar a baya: "Ƙulin ƙulifita" a gaba, "gauta" a baya. Kwali talatin irin wannan a cikin gwangwani sun isa riƙe yara biyar su yi ta karanta wa juna ba tare da babba ya tsaya a kansu ba. Karangiyar nan kuwa, wato zancen sarƙe harshe na kwaɗo da ƙato da suka je ƙoto, in aka rubuta ta, babu abin da ya kai ta koya wa ido bambancin k da ƙ.

Wanda ke da babbar waya a garin yana iya ƙara yawan irin waɗannan littattafai kyauta. Shafukan intanet na African Storybook da StoryWeaver suna da labaran yara masu hotuna da Hausa, an jera su mataki-mataki, kuma an yarda a sauke a buga. Sai dai a tace. Wasu fassara ce daga wasu harsuna, Hausarsu a sandare, wasu kuma an yi su da Hausar Jamhuriyar Nijar, wadda ƙa'idar rubutunta ta ɗan bambanta da tamu. Babba ya karanta kowanne da ƙarfi tukuna. In harshensa ya sarƙe, ko ya ji ba haka ake faɗa ba, a bar shi.

Mai labari

Yanzu ne lokacin littattafan da kowa ke ambata, kuma su ma akwai wanda ya kamata ya riga wani.

A fara da Magana Jari Ce na ɗaya, na Alhaji Abubakar Imam. Dalilin sa shi gaba shi ne gininsa: aku ne ke ba Musa ɗan sarki labarai don ya hana shi fita, kowane labari yana tsaye da kansa, shafi kaɗan, ana gama shi a zama ɗaya. Gabatarwar da ke kafa labarin sarki da waziri ta fi labaran tsawo da nauyi, saboda haka babba ya karanta wa yaron ita, sannan ya sakar masa labaran. Na biyu da na uku su biyo baya, a aji biyar da shida. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa gajere ne, ga jarumta da faɗa, kuma shi ne ya fi kama yaran da ke cewa karatu ba daɗi. Ruwan Bagaja, shi ma na Imam, ya fito ne daga gasar rubutun da aka shirya a Zariya a 1933, kuma ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe tana sa yara dariya har yau. Amma labari ne guda dogo, a ajiye shi sai yaro ya gama Magana Jari Ce na ɗaya.

Gasar nan ta 1933 ita ce ta haifi Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ganɗoki cike yake da kirari da kalmomin yaƙi na da, sai da babba a kusa. Shaihu Umar kuwa labarin bauta ne da rabuwar uwa da ɗa, Hausarsa ba wuya amma abin da ke ciki na da nauyi, ya fi dacewa da ƙarshen aji shida ko ƙaramar sakandare. Wanda ke son abin mamaki na sararin sama a nema masa Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo.

Kada akwatin ya zama labari zalla. Akwai yaron da tatsuniya ba ta dame shi ba, amma in ka ba shi bayanin yadda ruwan sama ke samuwa ko yadda sauro ke kawo zazzaɓi ba zai ɗaga kai ba. Ikon Allah, wanda Imam ya rubuta tare da Rupert East, bayanin halittu da kimiyya ne da Hausa, Bala da Babiya na Nuhu Bamalli kuma yana koyar da tsafta da kiwon lafiya ta hanyar labari. Tsofaffi ne, malami ya riƙa cike abin da zamani ya canza. Ƙananan littattafan tarihin annabawa da sahabbai da Hausa suna nan birjik a kasuwa, iyaye kuma sun fi saurin yarda da su. A kai wa malamin Islamiyya ya duba ingancinsu kafin a saya da yawa, a kuma ware musu wuri a saman akwati saboda ayoyin da ke ciki.

Wahalar waɗannan tsofaffin littattafai ɗaya ce: kalmomin da suka bar bakin mutane. Kuɗin cikinsu fam ne da sule da kwabo da anini, alhali tun 1973 aka koma naira. Akwai sarautu, kayan doki da kayan yaƙi da yaron yau bai taɓa gani ba. Kafin kowane labari babba ya leƙa ya tsamo kalma uku zuwa biyar, ba fiye ba, ya bayyana su a taƙaice. Wadda shi ma bai sani ba a aiki yaron wurin kakarsa: "Je ka tambayi Iya mene ne anini." Yawanci yakan dawo da bayani da ƙarin labari.

Littattafan soyayya na kasuwa ba na 'yan firamare ba ne, ko da yarinya ta iya karanta su. Su ne suka fi yawo a ɗakunan mata, kuma in babu wani abu a hannu su za ta ɗauka.

Batun Turanci kuwa, iyaye kan matsa a fara da shi don shi ne na jarrabawa. Shawararmu a bar yaro ya kai matakin jimla da Hausa tukuna. Wanda ya gane yadda baƙi ke zama sauti a harshen da yake mafarki da shi, abu ɗaya ya rage masa a Turanci, wato harshen kansa. Wanda aka fara masa da Turanci kuwa yana kokawa da abu biyu a lokaci guda. In lokacin ya yi, a koma can ƙasa: ɗan aji biyar da ke karanta Ruwan Bagaja zai fara Turanci da littafi mai jimla ɗaya a shafi, kuma ba abin kunya ba ne. Labaran African Storybook na da amfani a nan, don akan sami labari ɗaya da Hausa da Turanci, a karanta na Hausa yau, na Turanci gobe. Irin su Chike and the River na Chinua Achebe sai wanda ya yi nisa sosai.

Dubawa kafin a biya kuɗi

Yawancin waɗannan littattafai sai an shiga Kano, wajen masu littattafai na Sabon Gari ko Kurmi, ko manyan garuruwa irin su Dutse, Haɗeja, Gumel da Kazaure. Tunda tafiya ce, a haɗa kuɗin gidaje da yawa a aiki mutum ɗaya da jerin sunaye a rubuce.

Mai sayen ya buɗe kowane kwafi, kada ya duba na sama kawai. Ya bi lambobin shafi daga farko zuwa ƙarshe, domin bugun satar fasaha ya yi yawa, kuma a cikinsa ake samun shafuka takwas ko goma sha shida sun ɓace a tsakiya, ko an maimaita su, ko an juya su ƙasa a sama. Ya ɗaga takarda ɗaya ga haske: in rubutun baya yana fitowa ta gaba har yana cakuɗa da na gaban, idon mai koyo ba zai iya ba. Ya buɗe littafin ta tsakiya ya ɗan danna. Wanda aka ɗinke ko aka maƙale da ƙarfe yana jure hannun yara, wanda gam kawai ya riƙe yakan fara zubar da shafuka da zarar zafin bazara ya busar da gam ɗin.

Sai ƙugiya. A nemi ɓ, ɗ, ƙ da 'y a shafi biyu ko uku. Littafin da ya zubar da ƙugiya babba zai karanta shi ya cike da sani, amma mai koyo abin da ya gani shi zai faɗa. A wurinsa ƙura ta zama kura, baƙi ya zama baki, ƙare ya zama kare. "Kura ta tashi a kasuwa" labari ne daban. Ga 'yan mataki na ɗaya zuwa na uku, littafi marar ƙugiya a bar shi a shagon. In an riga an saya, a bi shi da biro baƙi a sa masa.

In yaron yana wurin, akwai gwajin yatsu. Ya buɗe shafi a tsakiya ya karanta, duk kalmar da ta gagare shi ya lanƙwasa yatsa ɗaya. In ya gama shafin da yatsa biyu ko uku a lanƙwashe, littafin daidai shi ne. In hannu ya dunƙule kafin ƙarshen shafi, ya yi masa yawa, sai dai a karanta masa.

Yin littafi da hannu

Tunda na mataki na biyu da na uku ne ke wuyar samu, a yi su. Takardar A4 ɗaya in aka ninka ta biyu tana ba da shafi huɗu, takarda uku shafi goma sha biyu, wanda ya ishi ƙaramin labari har da bango. Inda ake kuskure shi ne jerin shafuka. A takarda ta farko, fuska ɗaya 12 a hagu 1 a dama, bayanta 2 da 11. Ta biyu 10 da 3, bayanta 4 da 9. Ta uku 8 da 5, bayanta 6 da 7. Duk shafi biyu da ke maƙwabtaka in ka haɗa lambarsu 13 za ta ba ka, in ba ta ba da 13 ba an yi kuskure. Mafi sauƙi a ninka fararen takardu tukuna, a sa lamba da fensir, a warware, sannan a rubuta.

In a shagon kwamfuta za a buga, a ce wa mai bugun ya sa girman baƙi 24 ga masu kalmomi, 18 ga masu jimla, ya kuma zaɓi salon rubutu marar ƙawa wanda ke da baƙaƙe masu ƙugiya. A duba kwafin farko kafin ya buga sauran, don wani salon yakan mai da ƙ ɗan akwati. In da hannu ne, a rubuta baƙi ɗaiɗai, ba haɗaɗɗen rubutu ba. A ɗinke tsakiya da allura da zare mai kauri, huda uku, a ƙulle ta ciki. Bango kwali ne, a lulluɓe shi da leda mai haske, a bi gindin da salatif.

Labaran kuwa suna nan cikin gari. 'Yan aji shida su je wurin tsofaffi su rubuto tatsuniya, tarihin kafuwar garin, yadda ake haƙa rijiya, yadda ake dasa shinkafa a fadama, yadda ake ƙuli-ƙuli. Malami ya gyara rubutun ya gajarta jimlolin, mai iya zane ya yi hoto. Yaron da ya ga sunan unguwarsu a littafi sai ya karanta shi sau biyar.

Akwati da aro

Ga yara arba'in, littafi sittin sun isa farawa: kamar 25 na masu baƙaƙe da kalmomi, 20 na masu jimla, 15 na masu labari. In awon ya nuna yawancin yaran suna ƙasa, a ƙara na ƙasan. Gara iri ashirin kwafi uku-uku da iri uku kwafi ashirin-ashirin. A manna wa gindin kowane littafi alamar launi, ja, kore, shuɗi, gwargwadon mataki. Kada a rubuta "aji biyu" a jiki, don ɗan aji biyar zai ƙi taɓa shi ko da shi ne daidai shi.

A sa su a akwatin ƙarfe mai murfi, a ɗora a kan bulo biyu, a janye shi taki ɗaya daga bango. Gara ta ƙasa da jikin bangon ƙasa take hawowa, kuma kwali ko buhu ba sa tare ta. Duk mako a ɗaga akwatin a duba ko ta fara gini a ƙarƙashi. Da damina a lura da inda rufi ke yoyo, a kuma sa littattafan cikin babbar leda a cikin akwatin, amma rana ɗaya a wata a fito da su su sha iska a inuwa don kada su yi fumfuna. Busasshen ganyen darbejiya a ƙasan akwati yana rage ƙwari. Kafur ma yana yi, sai dai guba ne kuma yana kama da alewa, inda ƙananan yara ke sa hannu a bar shi. Yaro ya wanke hannu kafin ya ɗauka, ba don tsafta kawai ba: maiƙon ƙosai a takarda shi ke kiran ɓera da kyankyaso.

Mutum ɗaya ne zai riƙe makulli da rajista, da mataimaki. A rajistar a ja layi huɗu: sunan yaro, lambar littafi, ranar ɗauka, ranar dawowa. Littafi ɗaya, mako ɗaya, a leda. Rana ɗaya tsayayya ta musaya, kuma kada ta zama ranar kasuwar garin. In littafi ya yage a gyara shi tare da yaron, kada a dake shi, kada a ci tarar da za ta sa uwarsa ta ce kada ya ƙara ɗaukowa. A sa rai kaɗan za su ɓace duk shekara, a tanadi abin mayar da su daga kuɗin kwamiti ko gudummawar bayan kaka.

Zaman karatun kansa

Minti goma sha biyar zuwa ashirin kullum, a lokaci ɗaya. Kowane gida ya duba nasa: tsakanin tashi daga boko da tafiya Islamiyya, ko bayan sallar Magariba in akwai fitilar sola. Da damina, lokacin da yara ke gona da kiwo, a rage zuwa minti goma amma kada a yanke, don mai jimlar da ya yi wata uku bai ga baƙi ba yakan koma mai kalmomi. Yarinya mai talla a tsayar mata da nata lokacin kafin ta ɗauki faranti, in aka ce sai ta dawo, barci ne zai ci shi.

Tsarin zaman ga mai jimla: a kalli bango da hotuna a yi hasashen labarin, babba ya karanta shafi ɗaya yaro na bin yatsa, su karanta tare, sannan yaro shi kaɗai. In ya tsaya a kalma a ƙirga biyar a zuci kafin a taimaka, taimakon kuma shi ne a rufe kalmar a bar gaɓar farko, ba a faɗa masa ita ba. In ya yi kuskuren da ya ɓata ma'ana a bari ya kai aya, a ce, "Abin da ka faɗa ya yi ma'ana kuwa? Sake dubawa." A ƙarshe ya rufe littafin ya ba da labarin da bakinsa. Littafi ɗaya a karanta shi sau uku a mako, saurin karatu daga maimaici yake zuwa.

Uwar da ba ta yi boko ba tana da aiki a nan. Ta ce, "Zo ka karanta min ina tankaɗe," ta saurara, ta tambaya, "To, sai Gizo ya yi yaya?" Ita ba ta ganin baƙin, amma tana jin inda zance ya karkace, kuma nan take za ta ce ba haka ba ne.

In an yi zango biyu ana wannan yaro bai motsa daga matakinsa ba, a duba jikinsa kafin a zargi kansa. Wanda ke manna littafi a hanci, ko yana runtse ido, ko yana kukan ciwon kai bayan ɗan karatu, a kai shi a auna idonsa. Wanda ke cakuɗa s da sh da ts har a magana, ko kunnensa na zubar da ruwa, ko sai an kira shi sau uku, a kai shi asibiti a duba kunnen. In ido da kunne lafiya, a sauke shi mataki ɗaya, a ba shi littattafai biyar da zai karanta ba tuntuɓe, a sake awo bayan mako shida.